Yadda Nna Saudatu Ungozoma Ta Daina Fita

A unguwar Chanchaga, in ka tara samari da 'yan mata goma waɗanda aka haifa kafin shekarar 2006, da wuya ka rasa bakwai da Nna Saudatu ce ta yi musu wankan farko. Banufiya ce. Daga Bida aka kawo ta Minna tana amarya, lokacin da mijinta Ndakotsu ya samu aikin gadi a ma'aikatar ruwa. Ungozomanci kuwa a wurin kakarta ta koya, tun tana 'yar riƙe ƙwarya. Da asibitoci suka yawaita mata suka koma haihuwa a can, ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi likita zai karɓi haihuwa, amma ba zai biyo mai jego gida ya dafa mata ruwa har kwana arba'in ba. Shi ke nan aikinta ya koma wankan jariri, da gashin cibiya, da wankan jego da ganyen darbejiya, da dama kunun kanwa.

Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, ga saurin tafiya. Kafin rana ta yi zafi ta shiga gida uku ko huɗu ta fito. Ba ta hawa kabu-kabu sai dole. Ranar da kanwa ko kayan yaji suka ƙare, da kanta take zuwa kasuwa, ta zaga ta kaf, ta ɗoro kayanta a ka ta dawo. Ndakotsu ya rasu a 1999, ya bar ta da ɗanta Yisa, mai gyaran famfo da haɗa bututun ruwa, da matar Yisa, Rukayat. 'Yarta Lailatu tana aure a Maikunkele.

Gidan da suke zaune na haya ne, ɗakuna takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ƙofar da ke kallon tata ta Magdalina ce, wata doguwar mace 'yar kudancin Kaduna, wadda mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa har ya mutu. Magdalina tana soya gyaɗa tana ɗurawa a kwalba, ana zuwa saye har gida. Shekara ashirin da biyu suna wannan zama. Sun yi faɗa a kan igiyar shanya ya fi a ƙirga, sun kuma shirya ba tare da kowa ya shiga tsakani ba. Nna Saudatu tana kiran ta Maman Margaret, da sunan 'yarta, ita kuma Magdalina tana kiran ta Maman Yisa. In Nna Saudatu za ta fita, a hannun Magdalina take barin makullinta.

Wata safiya cikin watan Agusta na 2006, an kwana ana ruwa. Nna Saudatu tana bakin ƙofarta tana tace kanwa, Magdalina ta cika bokiti a famfo ta juyo tana rera waƙar zumuntar matan cocinsu. A gefen famfon gansakuka ta yi kore a kan siminti. Taku ɗaya ta yi. Nna Saudatu ta ga ƙafar ta tafi gaba ita kaɗai, ta ga bokitin ya tashi sama, sannan ta ji wani ƙara kamar an karya busasshen icce.

Abin da bai taɓa barin kanta ba shi ne, dariya Magdalina ta fara yi.

"Maman Yisa, zo ki ɗaga ni mana, kafin mutane su fito su gan ni kamar kaza a ruwa."

Nna Saudatu ta kama ta ta ƙarƙashin hammata ta ja. Magdalina ta saki wata ƙara da ta fito da kowa daga ɗaki. Da ta sake ta ta duba, sai ta ga ƙafar dama ta kwanta a gefe, yatsun suna kallon waje, ta kuma fi ɗayar gajarta.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin cinya ne ya karye daga can sama, wajen ƙugu. Sai an yi aiki. Amma Magdalina tana da ciwon suga da hawan jini, likitoci suka ce jikinta ba zai ɗauki aikin ba tukuna. Aka dawo da ita gida. 'Yarta Margaret nas ce a Kaduna a lokacin, tana zuwa ta yi kwana biyu ta koma. Sauran kwanakin, wa ya fi Nna Saudatu iya wanke mutumin da ba ya iya wanke kansa? Ita ta ɗauki aikin, ba wanda ya roƙe ta.

Wata bakwai ta yi tana shiga ɗakin nan safe da yamma. A gabanta doguwar macen nan ta ƙanƙance. A gabanta baya ya fara ja, ya tsage, ya zama gyambo mai zurfin da za a sa yatsa. Ta shimfiɗa leda a kan katifa, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta turara ɗakin, warin bai tafi ba. Magdalina da muryarta ke cika tsakar gida ta koma yin magana ƙasa-ƙasa, tana ba da haƙuri duk lokacin da aka canza mata zane.

Wata rana tana shafa mata man kaɗanya a ƙafa, Magdalina ta riƙe mata wuyan hannu.

"Maman Yisa, ki riƙa kallon ƙasa fa. Kin gan ni nan? Ba mota ce ta buge ni ba. Taku ɗaya ne kawai."

A watan Maris ta cika. Aka tafi da gawarta garinsu. Ɗakin ya yi wata biyu a rufe kafin a sa wasu.

Da farko Nna Saudatu ba ta lura da wani canji a jikinta ba. Ta koma aikinta. Sai dai ta kama kanta tana tafiya kai a sunkuye, tana duban kowane dutse, kowane ɓawon mangwaro. A ƙofar gidansu akwai lambatu, an ɗora masa katako ana ƙetarawa. Shekara da shekaru tana bi ta kansa da tukunya a ka, ko kallonsa ba ta yi. Ran nan da damina ta faɗi, ta zo za ta taka sai ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ta tsaya. Katakon ya jiƙe ya yi baƙi, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa. Sai da wata mai tallan doya ta ce mata, "Mama, a ba ni hanya," sannan ta rufe ido ta ƙetara da sauri.

Gidan da za ta a ranar na wata Kafayatu ne, haihuwar fari, kwana biyar. Sabon gini ne, an sa tayil har banɗaki. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta yi wa jaririyar wanka a baho kamar kullum, ta gasa mata cibiya, ta naɗe ta a tawul. Ta miƙe da ita a hannu za ta kai wa uwar. Ruwan sabulu ya fantsama a ƙasa ba ta gani ba. Diddigenta ya zame, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ta dafe bango da kafaɗa ta tsaya.

Ba ta faɗi ba. Jaririyar ko motsi ba ta yi ba. Kafayatu ma tana can tana gyara gado, ba ta ga komai ba. Amma Nna Saudatu ta riga ta gani a cikin kanta: ga ta a ƙasa, ga ƙafarta tana kallon waje, ga kan 'yar mutane a kan tayil.

"Karɓe ta," ta ce. "Karɓe ta maza."

"Nna, lafiya?"

"Gwiwa ce. Gwiwa ke damuna kwana biyu."

Ƙarya ce, gwiwarta lafiya lau. Amma ta samu abin faɗa, ta kuwa riƙe shi. Washegari ta aika wa Kafayatu cewa a nemi wata. Duk wanda ya zo kiran ta, gwiwa. Mutane suka yi ta kawo magani, wannan ya kawo man zafi, wancan ya kawo saiwa a jiƙa, tana karɓa tana godiya tana turawa ƙarƙashin gado. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce ita, Saudatu, da ta riƙe ɗaruruwan jarirai masu santsin sabulu ba ta taɓa sakin ko ɗaya ba, ƙasa take tsoro?

Kasuwa ce ta fara fita daga rayuwarta. Ta ce Rukayat ta riƙa yo cefane. Aka buɗe Kasuwar Kure, mata suna dawowa suna ba da labarin layin 'yan hatsi da na 'yan atamfa, ita tana ji tana gyaɗa kai, ba ta san ko ta ina ake shiga ba. Daga nan sai gidajen suna da gaisuwar mutuwa. Daga nan sai tsakar gidan kanta, don famfon yana nan, wurin da abin ya faru yana nan, duk da Yisa ya kankare gansakukar da burushin ƙarfe ya sake zuba siminti mai kaushi.

Rukayat yarinya ce mai kirki, kirkin nata kuwa ya taimaka wa tsoron. Ruwan alwala, a kawo. Abinci, a kawo. In Nna ta yunƙura za ta ɗauki tsintsiya, sai ta ce, "Haba Nna, ki zauna ki huta, kin yi naki." Ita kuwa sai ta zauna, ranta ya yi sanyi. Ta fara salla a zaune, don in ta ɗago daga ruku'u sai ta ji kamar ɗakin ya karkata. Ta rage shan ruwa saboda kada fitsari ya matse ta ta je banɗaki. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofarta zuwa banɗakin, ta ƙirga, kuma huɗu daga ciki babu bangon dafawa. Kafin ta yi wannan tafiya sai ta zauna a bakin gado ta daɗe tana shirya ta a zuci, kamar mai shirin zuwa Bida.

Yisa ya sayo mata sanda mai roba a gindi. Ta juya ta, ta mayar masa.

"In ita ma ta zame fa? Mu tafi tare ke nan."

Da Lailatu ta haihu a Maikunkele, Yisa ya ɗauko shatar tasi har ƙofar gida. Nna Saudatu ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta yafa gyale. Ta fito tana dafa bango, Rukayat tana riƙe da gwiwar hannunta, har bakin lambatu. Motar tana can ɗaya gefen, ƙofa a buɗe. Tsakaninsu katakon ne kawai.

"Nna, taku biyu ne," in ji Yisa. "Ga hannuna."

Ta dubi katakon. Ya bushe ƙayau, rani ne. Ta san ya bushe. Amma ƙafafun kamar an dasa su.

"Ku tafi. Ku gaishe ta."

"To bari in ɗauke ki in ƙetarar."

"Ka ɗauke ni mu faɗi mu biyu? Wa zai yi jinyar wani?"

Direba ya danna ham. Maƙwabta sun fara leƙowa. Yisa, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya ce, "Wai Nna me ke damunki ne? Gwiwar nan an duba an ce ba komai. Jikarki ce fa!" Ta juya ta kama bango ta koma. Tana jin motar ta tashi ta zauna a bakin gado da sabon zanenta, ba ta cire ba har la'asar.

Shekara ta zagayo Rukayat ma ta haihu, namiji. Aka ɗauko wata mata daga wata unguwa ta yi wankan jego. A tsakar gidan Nna Saudatu, a gaban ƙofarta, wata ce ke wanke jikanta. Daga kukan yaron ta san ruwan ya yi zafi. Daga ƙarar ruwan ta san matar ba ta tallafe wuyan daidai ba.

"Ki surka! Ki sa gwiwar hannunki ki ji!" take ƙwalawa daga kan gado. "Ki kama ƙeyar da tafin hannu, ba da yatsu ba!"

Matar ta yi tsaki ta ce, "In ta fi ni iyawa ta fito mana." Nna Saudatu ta ji. Ta sauko da ƙafa ɗaya ƙasa, ta ga ruwan wankan yana malalowa ta gaban ƙofarta, ta mayar da ƙafar.

A cikin shekara biyu ta zama wata daban. Cinyoyin da suka zaga Chanchaga suka zama kamar muciya. In za ta tashi daga gado sai ta yi lilo sau uku. Da ta ga haka sai ta ce a ranta, to ka gani, da gaskiyata, jikin nan ba na fita ba ne. Ta ƙara zama.

Wata Talata cikin watan Fabrairun 2009, Yisa ya tafi aiki, Rukayat ta goya yaro ta tafi rigakafi, sauran 'yan haya kowa ya kama gabansa. Rukayat ta manta ba ta matso mata da buta kusa ba, tana can bakin ƙofa. Da hantsi Nna Saudatu ta yi lilo ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu. Babu ruwa a ƙasa, babu santsi, babu abin tuntuɓe. Gwiwoyin ne kawai suka lanƙwashe kamar ba nata ba. Ta tafi ta gefe, ƙugunta ya bugi siminti, kanta ya gogi ƙafar gado.

Ta kwanta shiru. Ba ta yi ihu ba, numfashin ma da ƙyar. Abin da ta shekara biyu tana gudu ya same ta a cikin ɗakinta, tsakanin gado da ƙofa.

Ta daɗe ba ta yarda ta dubi ƙafar ba. Ta san abin da za ta gani. Da ta yi ƙarfin hali ta ɗaga kai, zane ya rufe ta, ba ta kuma iya miƙa hannu ta janye. Ta yi ƙoƙarin tashi zaune, hannuwan suka ƙi ɗaukar ta. Ta kama ƙafar gado ta ja, gadon ne ya matso, ita ba ta motsa ba. Ta kira Rukayat, ta kira matar ɗakin kusa, har ta kama kanta tana kiran Maman Margaret. Kaji ne kawai ke yawo a tsakar gida.

Rana ta shigo ta ƙarƙashin labule ta hau mata ƙafa, ta wuce. Sanyin siminti ya shiga ƙashinta. Ta fara lissafin yadda abin zai tafi, don ta san shi daki-daki: hoto, a dawo da ita gida, leda a kan katifa, wata na biyu baya ya yi ja, wata na uku ya tsage. Wa zai juya ta? Rukayat mai goyo? Yisa ne zai ga tsiraicinta? Fitsarin da take riƙewa tun safe ya ƙwace mata, ta ji ɗuminsa yana bin bayanta. Aka kira azahar tana nan kwance. Ta yi kalmar shahada, ta roƙi Allah in ɗauka ne ya ɗauke ta yau, kada ya bar ta wata bakwai.

Sai wajen ƙarfe biyu da rabi Rukayat ta dawo, layi ya yi tsawo a wurin rigakafin. Ta ɗaga labule ta saki salati.

"Kar ki taɓa ni!" in ji Nna Saudatu. "Kar ki ja ni. Ya karye. Na san ya karye."

Yisa ya zo a guje, shi ma ta hana shi. Sai ya tuna Margaret ta dawo Minna da aiki, ya buga mata waya. Kafin la'asar ta iso da farin kayanta na asibiti, doguwa kamar uwarta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce maza su fita. Ta janye zanen a hankali. Ƙafafun biyu tsawonsu ɗaya, yatsun suna kallon sama. Ta danna nan, ta danna can, ta lanƙwasa gwiwar, ta juya cinyar ciki da waje.

"Mama, ba ki karye ba. Gobe za mu je a ɗauki hoto don hankali ya kwanta, amma ƙashin nan lafiya yake. Tsami ne kawai zai yi."

"Ki sake dubawa. Haka ta uwarki ta yi."

"Ta mamana ba haka ta yi ba, ke ma kin sani, ke kika fara gani." Margaret ta zagaye cinyar da yatsun hannayenta biyu, suka kusa haɗuwa. "Mama, yaushe rabonki da fita waje?"

Rukayat ta amsa daga bakin ƙofa: "Ai gwiwa ce ke damunta."

"Ba gwiwa ba ce," in ji Nna Saudatu. Ita kanta ba ta san za ta faɗa ba. Tana kwance a ƙasa cikin jiƙaƙƙen zane, babu sauran abin ɓoyewa. Ta ba da labarin katakon, da tayil ɗin gidan Kafayatu, da taku huɗun da babu bango, da abin da Magdalina ta faɗa mata tana riƙe da hannunta. Margaret tana ji hawaye suna zubo mata, ba ta share ba.

"Mama, ki ji ni da kyau. Karaya ce ta kwantar da mamana, amma kwanciyar ce ta kashe ta. Ke kuma kin kwantar da kanki ba ki karye ba. Yau santsi ne ya kayar da ke? Ƙafar ce ba ta da nama. In kika ƙara shekara ɗaya a gadon nan, faɗuwa ta gaba ba za ki tsira ba."

Maganar ba ta kwantar mata da hankali ba, ƙara tayar da shi ta yi. Da can wuri ɗaya ta sani mai aminci, gadonta. Yanzu an ce shi ma yana cin ta.

Hoto ya nuna babu karaya. Bayan sati biyu, da tsamin ya sake ta, Margaret ta dawo ranar hutunta. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta ajiye kujerar katako a gefe, ta kwanta a ƙasa da kanta. Ta nuna mata yadda mutum zai mirgina ta gefe, ya dafa hannu ya koma rarrafe, ya rarrafa zuwa kujera, ya kafa ƙafa ɗaya, ya tura jikinsa sama ya zauna.

"To Mama, saura ke. Sauko ki kwanta."

"In kwanta a ƙasa? Da gangan?"

"Da gangan. Ina nan, Rukayat tana nan."

Nna Saudatu ta ƙi. Ta ce ba ta jin daɗi, ta ce a bari sai wani satin, har ta ce wa Margaret ba ta da kunya. Margaret ta zauna a tabarmar ta ce ba inda za ta. Sun fi awa ɗaya a haka. Daga ƙarshe suka riƙe ta su biyu suka saukar da ita. Da bayanta ya taɓa tabarma ta ga rufin ɗaki daga ƙasa kamar ran nan, sai ta ƙanƙame zanen Rukayat.

"Ku tashe ni. Don girman Allah ku tashe ni."

"Mirgina, Mama. Ta hagu. Ɗora hannun dama a nan."

Ta mirgina tana kuka. Ta kai rarrafe. Ta kama kujera, ƙafar ta ƙi kafuwa, suka taimaka mata. Ranar ba ta iya ba. Sai a zuwa na biyar ta hau kujerar ba wanda ya taɓa ta, ta zauna tana haki, gumi ya jiƙa ɗankwalinta.

Margaret ta ɗora mata aiki: kowace safiya ta tashi daga kujera ta zauna sau goma, ta kama bango ta ɗaga dugadugai, ta sha ruwa ko ba ta jin ƙishi. Ta kuma ja Rukayat gefe ta ce ta daina miƙa mata abin da hannunta zai iya kaiwa. Yisa ya kawo bututun ƙarfe irin na aikinsa ya kafa a bango daga ƙofarta har cikin banɗaki, ya haɗe wurin da babu bango da ginshiƙi biyu. Ya cire katakon lambatu, ya zuba faffaɗan siminti. Sandar ma ta karɓa.

Ƙarfi ya dawo kaɗan-kaɗan, amma ba duka ba. Wankan jego ba ta koma ba, kasuwa ma haka. Tsoron kuwa bai tafi ko'ina ba, ta dai koyi tafiya da shi. Da rani takan fita har wurin mai niƙa a kan kwana, ta tsaya ta huta, ta dawo. In damina ta faɗi, sai ta leƙa ta ga ƙasa ta bushe sarai kafin ta sa ƙafa a waje.

A watan Yunin 2013 ta ji labarin Malam Ndaceko, wani tsohon tela da ke gida na shida a layinsu. Ya yi tuntuɓe a matakalar masallaci ya fasa goshi, an yi masa ɗinki uku. Raunin ya warke tun tuni, amma wata biyu ke nan ba a gan shi a sahu ba. Iyalinsa suna cewa jiri ne ke damunsa.

Kwana uku tana juya maganar. Rana ta huɗu da hantsi ta ga gari ya yi haske, ta ɗauki sanda ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Gidan ya wuce wurin mai niƙa, tun shekara shida ba ta taka wannan ɓangaren layin ba. Ruwa ya zaizaye hanyar, duwatsu sun fito. Wasu awaki suka taso a guje ta gabanta, ta manne da katangar wani gida, ido a rufe, har sai da ƙarar kofatonsu ta ɓace. Ta yi tunanin komawa, ta waiga ta ga baya ma ya yi nisa.

Ta same shi a kan tabarma a barandarsa, buta da kwanon abinci duk an jera masa a inda hannu zai kai. Matarsa ta kawo mata kujera. Suka gaisa da Nufanci, suka yi maganar damina da tsadar masara. Duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu. Sai da ta ga zaman yana neman ƙarewa ta ce, "Malam, ba jiri ba ne, ko?"

Ya dube ta, ya dubi ƙofar da matarsa ta shiga, ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

"Matakala uku ce," ya ce a hankali. "In na rufe ido ina ganin su."

"Ka je ko azahar ce kaɗai. Ka sa a riƙe ka."

"Ke ya tafi ne, tsoron naki?"

"Bai tafi ba. Yanzu haka ina tunanin yadda zan koma."

Ba su gama rufe baki ba hadari ya taso ta gabas, yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Nna Saudatu ta ga ƙasar layin tana canza launi, hannunta ya ƙara matse sandar. Ruwan bai daɗe ba ya ɗauke, amma ta ce ba za ta taka ba sai ta bushe. Matar Malam Ndaceko ta zubo mata tuwo, ta aika a gaya wa Rukayat inda take. A nan ta yi azahar, a nan ta yi la'asar. Su biyu suka zauna a barandar suna kallon hanya, jefi-jefi ɗaya ya ce, "Can gefen ya fara shan iska," ɗayan ya ce, "Da saura." Da Yisa ya taso daga aiki ya biyo ya same ta, ya ba ta hannu, suka taka a hankali ta gefen da ya fi tudu, tana gaya masa inda zai sa ƙafa.